Babi na Shida: Sun Faɗa Tun da Wuri

Duk lokacin da asirin wani koci ya tonu, aka ce ya yi shekara da shekaru yana lalata yaran da aka ba shi amana, tambayar da ke fara fitowa daga bakin mutane ita ce: to me ya hana su magana tun farko? Ana yin ta a shirye-shiryen rediyo, ana yin ta a majalisar matasa bayan an tashi daga gidan kallo, kuma yawanci da zargi a cikinta, wai wadda ta yi shiru shekara goma da yardarta aka yi, ko kuma yanzu ne ta hango kuɗi. Wanda ya bi manyan shari'o'in da aka yi kan wannan batu, daga Amurka zuwa Ingila zuwa Mali, ya san tambayar ba ta zauna daidai ba. Kusan a kowace an samu yaro ko yarinyar da ta buɗe baki tun da wuri. Abin tambaya shi ne wa suka gaya wa, kuma me shi wannan mutumin zai rasa idan maganar ta fita.

Babu inda wannan ya fito fili kamar a shari'ar Larry Nassar, don haka bari mu bi ta daki-daki.

Nassar likita ne. Ya fara aiki da tawagar Amurka ta wasan alkafura da lanƙwasa jiki a 1986, ya zama babban jami'in lafiyarta a 1996, shekarar da 'yan matan ƙasar suka ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta. Yana kuma aiki a Jami'ar Jihar Michigan, inda 'yan wasa ke zuwa daga nesa don ya duba su. Wasan alkafura na ƙananan yara ne. Yarinya takan fara tun tana shekara biyar ko shida, ta kai ganiyarta kafin ta cika ashirin, kuma ciwon baya da na ƙugu ba sa rabuwa da ita. Da wannan ciwon Nassar ya fake. Yakan ce akwai wani magani da sai ya sa hannu a al'aurar yarinya, babu safar hannu, babu neman izini. Wani lokaci uwar na zaune a ɗakin. Sai ya tsaya yadda jikinsa ko tawul zai kare mata gani, yana ta'asarsa yana jan ta da hira.

A 1997, shekara 19 kafin a kama shi, wata 'yar shekara 16 mai suna Larissa Boyce ta gaya wa kociyar da ke horar da ita a jami'ar abin da likitan ke yi mata. Bisa shaidar da ta bayar a kotu daga baya, kociyar ta ce ta daɗe da sanin Larry, ba zai aikata haka ba, ita ce dai ba ta fahimci maganin ba. Aka tambayi wata 'yar shekara 14, ta ce ita ma ana yi mata. Kociyar ta ɗaga takarda ta ce tana iya shigar da ƙorafin, amma fa abin zai zame wa yarinyar da likitan babbar matsala. Yarinya ta janye, ta koma hannun likitan. Ita kociyar ta ce ba ta tuna an yi wannan magana da ita ba.

A 2004 wata 'yar shekara 17, Brianne Randall, ta tafi wurin 'yan sanda kai tsaye, aka kai ta asibiti aka duba ta. 'Yan sandan garin Meridian suka kira Nassar. Ya zo da bayanai a kwamfuta, ya yi musu lacca kan jijiyoyin ƙugu da yadda ake saita su. Ba su tuntuɓi wani likita ba, ba su miƙa fayil ɗin ga mai gabatar da ƙara ba, suka rufe magana. Sai a 2018 suka fito bainar jama'a suka nemi gafararta.

A 2014 Amanda Thomashow ta kai ƙara ofishin da jami'ar ta ware domin irin wannan koke. A nan kam an yi bincike, kuma shi ne ya fi ba da takaici. An nemi ra'ayin ƙwararru huɗu, dukkansu abokan aikin Nassar ne ko na kusa da shi. Aka kammala cewa ita ce ta kasa bambance magani da lalata. Aka mayar da shi bakin aiki da sharuɗɗa: ya riƙa yin bayani kafin ya taɓa, ya rage taɓa tsirarar fata, kuma a samu mutum na uku a ɗakin. Sharuɗɗan ba su da aibu. Sai dai ba a sanar da marasa lafiya su ba, ba a ɗora wa kowa tabbatar da ana bin su ba, shi kuwa ya ci gaba da halinsa. Shugaban tsangayar da ya kamata ya sa ido, kotu ta same shi da laifin sakaci da aiki a 2019.

A watan Yunin 2015, a sansanin horo na ƙasa da ke wani gandun kiwo a Texas, wata kociya ta ji 'yar wasanta Maggie Nichols tana tambayar wata ko ita ma haka likitan ke yi mata. Kociyar ta yi abin da ya dace, ta sanar da hukumar wasan ta ƙasa, USA Gymnastics. Hukumar ta kwashe mako biyar tana nata binciken kafin ta je wurin hukumar binciken tarayya, FBI. Ta bar Nassar ya sauka salin-alin kamar mai ritaya, ba ta kuma gaya wa jami'ar da yake ganin yara kullum ba. Ofishin FBI na Indianapolis ya ji ta bakin 'yar wasa ɗaya tak, McKayla Maroney, ta waya, bayanin nata ma ba a rubuta shi ba sai bayan wata 17. Rahoton babban sufeton Ma'aikatar Shari'a na Yulin 2021 ya gano cewa shugaban wannan ofishi yana tattaunawa da shugaban hukumar wasan kan wani aiki a kwamitin Olamfik na Amurka, alhali ƙarar na gabansa. Rahoton ya ce tsakanin lokacin da FBI ta ji labari da lokacin da asiri ya tonu, an ci zarafin ƙarin 'yan wasa 70 ko fiye.

A ƙirga mutanen da aka kai wa kuka: kociya, ɗan sanda, ofishin jami'a, shugaban hukuma, jami'in tsaro na tarayya. Babu ɗayansu da ya taɓa yarinya, kuma ba na jin sun tashi da safe da niyyar kare mugu. Wata abokinta ne. Wani ganin farar rigar likita ya sa ya sassauta. Jami'a na gudun zubewar suna da biyan diyya. Hukuma na shirin gasar Olamfik ta Rio ta 2016, ga kamfanonin da ke zuba kuɗi don a ga tambarinsu a jikin 'yan mata masu murmushi. In ban da ɗan sandan, kowannensu yana da abin da zai ƙone idan maganar gaskiya ce, kuma shi aka ba aikin tantance ko gaskiya ce. Wannan shi ne ba kura ajiyar nama, ko da kurar ta rantse tana azumi.

Abin da ya karya lagon Nassar daga waje ya zo. A watan Agustan 2016 jaridar Indianapolis Star ta buga binciken da ya nuna hukumar na riƙe da fayiloli kan kociyoyi sama da 50, kuma tana da wata ƙa'ida ta cikin gida: ƙorafin da bai fito daga bakin yarinyar ko iyayenta kai tsaye ba, jita-jita ne. Rahoton bai ambaci Nassar ba ma. Amma wata lauya, Rachael Denhollander, wadda ya ci zarafinta a 2000 tana da shekara 15, ta karanta ta rubuta wa jaridar. Ta amince a buga sunanta, ta kuma kai ƙara wurin 'yan sanda. A wannan karon ƙarar ta faɗa hannun wata 'yar sanda, Andrea Munford, wadda ta saurari laccar likitan ba ta gamsu ba. Da aka binciki gidansa, a kwandon shara aka tsinci ma'ajiyar kwamfuta da ya jefar. Hotunan batsa na yara da aka same shi da su sun kai 37,000. Shaidar da 'yan mata suka bayar ba ta canza ba tsakanin 1997 da 2016. Mai karɓar ƙarar ne ya canza.

Saura kuwa sananne ne. Kotun tarayya ta yanke masa shekara 60 a Disambar 2017. A Janairun 2018 mata 156 suka tsaya gaban Mai Shari'a Rosemarie Aquilina, kwana bakwai ana sauraronsu, ta yanke masa shekara 40 zuwa 175. Jami'ar ta biya diyyar dala miliyan 500, hukumar wasan da kwamitin Olamfik suka amince da miliyan 380, gwamnatin tarayya ta biya miliyan 138.7 saboda sakacin FBI. Sunan da aka yi ta ɓoye gaskiya don karewa bai tsira ba.

Me ya sa wasanni suka zama wurin da irin waɗannan mutane ke samun sarari? Malamin makaranta yana da iko a kan ɗalibi, amma akwai jarrabawar da wani zai duba. Koci shi kaɗai ke cewa wane zai buga, wane zai zauna a benci, wane za a kai gwaji, kuma ba a tambayarsa dalili. Taɓa jiki yana cikin aikin: gyara tsayuwa, tausa, ɗaure rauni. Ga tafiye-tafiye da kwana nesa da gida. Sannan tun ranar farko ana koya wa ɗan wasa ya daure, kada ya yi ƙorafi, wai mai kuka ba ya zama zakara. Yaron da aka horar ya yi shiru da tsagewar ƙashi ba zai yi wuyar yin shiru da wani abin ba. A sansanin Texas ba a barin iyaye su shiga, ana sa ido kan abin da yara ke ci, tsawa kuwa ba a magana. Nassar shi ne mutumin kirkin wurin, mai ɓoyo musu alewa da abinci, mai sauraron kukansu. Irin waɗannan mutane ba da muguwar fuska suke zuwa ba. Sukan fara da kyauta da kulawa ta musamman, su shiga jikin iyaye har su zama 'yan gida, su raba yaro da sauran, su gwada shi da ƙaramin sirri su ga ko zai riƙe. Kafin a kai ga ta'asar, yaron ya riga ya san cewa in ya faɗa, babu mai yarda.

Kada mai karatu ya ce wannan halin Turawa ne. A watan Yunin 2021 ƙungiyar Human Rights Watch da jaridar New York Times suka bankaɗo abin da ke faruwa a ƙwallon kwando na mata a Mali, ƙasar da 'yan matanta suka daɗe suna mamaye gasannin matasa na Afirka. Wanda aka fi zargi shi ne Amadou Bamba, kocin tawagar 'yan ƙasa da shekara 18 tun 2016. 'Yan wasa sun ba da labarin yadda yake kiran yarinya ɗakinsa a otal idan an yi tafiya, da alƙawarin wuri a tawaga ko kuɗi ko kayan wasa. Wadda ta ƙi, sai ta tsinci kanta a benci ko a gida. An kama shi a Bamako aka tuhume shi. Shugaban hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, a lokacin ɗan Mali ne, Hamane Niang, wanda ya shugabanci hukumar ƙasarsa daga 1999 zuwa 2007. Ya koma gefe na ɗan lokaci, aka ba Richard McLaren, farfesan shari'a ɗan Kanada wanda ya binciki badaƙalar ƙwayoyin ƙara kuzari ta Rasha, aikin bincike.

Rahoton ya fito a Satumbar 2021, watan da Najeriya ta doke Mali a wasan ƙarshe na gasar mata ta Afirka a Yawunde. Bai samu shaida kai tsaye cewa Niang ya sani ba, don haka ya koma kujerarsa. Amma game da hukumar Mali, ya ce cin zarafin 'yan wasa ya zama abin da aka saba da shi aka kuma lamunta, cewa jami'ai sun yi ƙoƙarin rufa-rufa da kawo wa bincike cikas, kuma shaidu da dama sun ƙi magana saboda tsoro. Tsoron nasu ba na banza ba ne. Yarinyar da ta fara fasa ƙwai, an cire sunanta daga tawagar da ta je gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 19 a Hungary a watan Agustan shekarar, abin da masu kare haƙƙin ɗan Adam suka kira ramuwar gayya. A 2023 FIBA ta haramta wa Bamba harkar wasan har abada. Sai dai duk wata ƙaramar yarinya a Bamako ta riga ta ga wadda ta yi magana a gida, waɗanda suka yi shiru a jirgi. Tsarin kai ƙara da ba ya kare mai ƙarar daga ramuwa, gara ma a ce babu shi, domin yana koya wa na baya su kama bakinsu.

Batun bai tsaya kan mata ba, kuma wannan ya fi shafar mu, tunda yawancin yaran da ke filayenmu maza ne. A Nuwambar 2016 Andy Woodward, tsohon ɗan ƙwallon Crewe Alexandra a Ingila, yana da shekara 43, ya gaya wa jaridar Guardian abin da kocinsa Barry Bennell ya yi masa yana yaro. Layin wayar da aka buɗe bayan nan ya karɓi kira 860 a makon farko. A 2018 aka samu Bennell da laifuffuka 50 a kan yara 12, kuma binciken lauya Clive Sheldon na 2021 ya ce hukumar ƙwallon Ingila ta yi jan ƙafa daga 1995 zuwa 2000, bayan ta riga ta ga alamu. A Gabon, an kama tsohon kocin 'yan ƙasa da shekara 17, Patrick Assoumou Eyi, a Disambar 2021 kan zargin lalata yara maza. Namiji yakan fi daɗewa bai faɗa ba. A wurinmu abin ya ninka, domin yaron da aka yi wa luwaɗi yana tsoron a maida shi mai laifin, a liƙa masa sunan da zai bi shi har kabari. Masu wannan hali sun san haka sarai, shi ne garkuwarsu.

Kwamitin Olamfik na duniya, a jagorar da ya fitar a 2017, bai taƙaita cin zarafi ga lalata ba. Ya haɗa da duka, da zagi da wulaƙanci, da sakaci irin na sa yaro buga wasa da rauni ko hana shi ruwa a tsakar rana. Na san akwai masu cewa ai da bulala aka horar da mu, ga mu nan ba mu mutu ba. Ban da jayayya da su kan tarbiyyar gidajensu. Amma a kulob ɗin da koci ke marin yaro kowa na kallo ba mai cewa uffan, yaro ya riga ya koyi cewa jikinsa na koci ne, kuma manya ba za su shiga ba.

Me aka yi bayan duk wannan? A Amurka an buɗe cibiya mai zaman kanta, SafeSport, a 2017, aka ƙwace hurumin binciken lalata daga hannun hukumomin wasanni aka ba ta. Dokar Fabrairun 2018 ta wajabta wa duk babban da ke aiki da yara a waɗannan wasanni ya sanar da hukuma cikin awa 24 idan ya ji ko ya yi zargi. Ba a ce ya bincika ba, ba a ce ya tabbatar ba. Wannan shi ne gishirin dokar, domin ta ɗauke wa koci nauyin yanke hukunci tsakanin abokinsa da yarinya. FIFA ta fitar da tsarinta na kare yara a 2019, shekarar da ta kori shugaban hukumar ƙwallon Afganistan, Keramuddin Karim, har abada saboda cin zarafin 'yan wasa mata. Ita ma cibiyar ta Amurka ba a rasa kuka da ita ba: ƙararraki sun yi mata yawa, shari'a na daɗewa, ga shi kwamitin Olamfik na Amurka ne ke ba ta dala miliyan 20 a shekara. Duk da haka, ƙarar da ke jiran layi a waje ta fi wadda aka kulle a durowar shugaba.

Ana yawan ambaton binciken tarihin ma'aikaci kafin a ɗauke shi, kuma Najeriya tana da rajistar masu laifin lalata tun 2019 a hannun hukumar NAPTIP. A duba ta, amma kada a dogara da ita. Nassar zai tsallake irin wannan tantancewa kusan shekara 30, tunda babu kotun da ta taɓa kama shi. Ƙa'idojin da suka fi aiki ba sa cin ko kwabo. Babba ba ya keɓewa da yaro sai a inda wani zai iya gani, ya kuma iya shigowa ba tare da ƙwanƙwasa ƙofa ba. Tausa da duba rauni sai da mutum na uku. Idan an yi tafiya, koci ba ya kwana ɗaki ɗaya da yara, ba ya kiran yaro ɗakinsa ko da don maganar wasa. Saƙon waya zuwa ga yaro ya bi ta zauren WhatsApp na kulob ko ta wayar iyaye. Kyauta a ba kowa ko a bayar a fili. Kocin kirki ba zai ji haushin waɗannan ba, domin su ne kariyarsa ranar da wani zai yi masa ƙazafi. Wanda ya ce an raina shi don an ce ya bar ƙofa a buɗe, a ƙara sa masa ido.

Yanzu a dubi kulob na unguwa, daga Kano har Damagaram. Yawanci mutum ɗaya ne ya kafa shi da gumin goshinsa. Shi ne koci, shi ne ma'aji, shi ke tausa, shi ke neman motar tafiya, shi ke riƙe da katin kowane yaro, shi ya san wanda zai kai yaro gwaji Legas ko ƙetare. Akasarinsu mutanen kirki ne da suka raba yara da shaye-shaye da zaman banza, ba wanda ke biyansu. Amma tsarin da ya ba na kirki dama shi ne ya ba mugu, kuma yaron da ke son kai ƙarar koci ba shi da wanda zai gaya wa sai kocin. Ga kuma dillalan "zan kai ka Turai", alhali dokar FIFA ta hana sayar da ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba zuwa wata ƙasa, in ban da 'yan keɓantattun yanayi. Yaron da ubansa ya sayar da gona don a fitar da shi, yaya zai dawo ya ce Baba ga abin da mutumin nan ke yi mini?

Idan kuma magana ta fito, mun san yadda ake yi. A taru a zauren wani dattijo, a ce a rufa wa juna asiri, kada a ɓata sunan kulob, yarinya ce aure za ta yi, a yi haƙuri a bar wa Allah. Koci ya bar unguwar ya buɗe wani kulob a gaba. Sulhu yana da muhallinsa, a rikicin gona ko bashi. A nan kuwa, waɗanda za su biya kuɗin sulhun su ne yaran unguwar da ya koma, kuma ba a gayyace su zaman ba. Masu kula da wasannin mata suna da wani tsoro na daban wanda na fahimta: da ƙyar iyaye ke barin 'ya mace ta shiga fili, labari ɗaya zai sa a kwashe su duka. Amma labarin yana yawo a tsakanin iyaye mata ko an buga shi ko ba a buga ba. Abin da zai sa uwa ta bar 'yarta shi ne ta ga an kama wani an hukunta, ta kuma ga mace babba a cikin kowace tafiya.

Ranar da yaro ya zo maka da irin wannan magana, abin da ka yi a minti goma na farko ya fi komai. Ka saurara, kada ka yi salati da kururuwar da za ta firgita shi, kada ka tsare shi da tambayoyin me ya kai ka, me ya sa ba ka gudu ba. Ka ce masa ya kyauta da ya faɗa, kuma laifin ba nasa ba ne. Kada ka yi masa alƙawarin ba za ka gaya wa kowa ba. Ka ce sai wanda zai taimaka. Ka rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa, da rana da lokaci. Kada ka kira wanda ake zargi don a haɗa su fuska da fuska, domin yaro ba ya iya ja da babba, kuma ka ba shi damar goge saƙonni da lallashin shaidu. Idan abin bai daɗe da faruwa ba, kada a wanke tufafin, a tafi asibiti nan take: maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72. Akwai cibiyoyi na musamman domin wannan, irin su Waraka a asibitin Murtala da ke Kano da cibiyoyin Salama a jihar Kaduna. Daga nan sai 'yan sanda. Dokar Najeriya ta hana cin zarafin jama'a ta 2015 ta amince cewa namiji ma ana yi masa fyaɗe. Sunan yaron da hotonsa kuwa kada su hau Facebook, ko da niyyar nema masa haƙƙi. Shi kuma wanda ake zargi, kulob ya raba shi da yara har a gama bincike. Wannan ba hukunci ba ne, kuma ba aikin kulob ba ne ya yanke hukuncin.

Kai da ɗanka ko 'yarka ke zuwa horo kowace yamma, ka je filin da kanka a wannan makon. Ka gaisa da koci, ka yi masa godiya, sannan ka tambaye shi a gaban mutane: idan yaro yana da ƙorafi a kanka, wa zai gaya wa wanda ba ya ƙarƙashinka, ba kuma abokinka ba ne? Ka nemi suna da lambar waya, ka ba ɗanka. In babu irin wannan mutum, ku iyayen yaran ku zauna ku zaɓi biyu daga cikinku, mace da namiji, kafin tafiya ta gaba.